HAJIYA GAMBO SAWABA: TA SHEKARA 26 TANA NEMA WA MAZA ƘURI'A KAFIN A BA TA TATA

 

Uwargida, bari in fara da tambayarki: kin taɓa kallon tsohon fim ɗin Indiyan nan, Mother India? Na tabbata da yawanmu mun kalla, ko a talabijin ko a kaset ɗin bidiyo, wasunmu ma har da share hawaye da gefen mayafi. A 1957 aka yi shi, Nargis ce ta fito a matsayin Radha, matar wani talakan manomi. Dutse ya danne hannayen mijin ya rasa su duka biyu, kunyar zama ana ciyar da shi ta sa ya bar gida cikin dare, bai sake dawowa ba. Radha ta kama garma da kanta, ita ce noma ita ce reno, amma da kaka ta yi sai mai ba da bashi na ƙauyen ya zo ya kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar. Ranar da ambaliya ta cinye komai, 'ya'yanta suna kukan yunwa, sai ya nuna mata zai ba ta abinci amma da mutuncinta za ta biya. Ta ƙi.

In kin lura, haka tsofaffin fina-finai da yawa suke nuna mace a wurin aiki. Na Turawa ma na shekarun 1930 zuwa 1950 haka suke: mace ce sakatariya, ita ke buga tafireta, ita ke ɗaukar waya, ta fi kowa sanin abin da ofis yake ciki, amma kujera da sa hannu na maigida ne. Sau da yawa ma fim ɗin yakan ƙare ne da ta ajiye aikin ta aure shi. Wato dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wahalar ta mace ce, ikon na wani, in kuma ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta sai a kai hannu ga mutuncinta.

To, wannan duk fim ne. Amma a shekarar da aka yi Mother India akwai wata mace 'yar shekara 24 a Sabon Garin Zariya, wadda ita ma miji ya tafi ya bar ta, ita ma aka gwada ta da barazana da ɓata suna, sai dai ita bulalar da ta sha ta gaske ce, kurkukun ma na gaske. Ita ce marigayiya Hajiya Gambo Sawaba, kuma tarihinta za mu duba a wannan fitowa.

ASALINTA DA TASHINTA

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake a bayan tagwaye ta zo, sai ake kiranta Gambo kamar yadda al'adarmu take, har wannan suna ya danne na yanka. Mahaifinta, Malam Isa Amartey Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Ya yi karatun safiyo, ya zo Nijeriya wajen 1910 ya kama aiki da hukumar jirgin ƙasa. Kirista ne da farko, daga baya Allah ya nufe shi da musulunta a Zariya. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce, daga yankin Lavun na Jihar Neja ta yanzu.

Ya kamata ki san irin garin da ta tashi a cikinsa, domin ya yi tasiri a kanta. Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. Da Turawa suka shimfiɗa dogo ya ratsa ta Zariya zuwa Kano a farkon shekarun 1910, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, Yarbawa da Inyamurai da Nufawa da mutanen Gana da Saliyo, da Hausawan wasu garuruwa, aka ba su wuri a wajen ganuwa. A nan ake da tashar jirgi da kantunan Turawa da na Kwarori, a nan ake da gidajen silima, waɗanda a wancan zamani matar aure ba ta ko kusantar ƙofarsu. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri tana ganin mata Yarbawa suna kasuwanci da kuɗinsu, tana jin yaruka iri-iri, tana jin labarin abin da ke faruwa a Ikko kafin na cikin birni su ji.

An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada. Waɗanda suka san ta tana yarinya sun ba da labarin cewa ba ta iya ganin babba yana cin zalin ƙarami ta wuce, sai ta shiga ta saye faɗan, ta dawo gida da yagaggen kaya. Karatun bai yi nisa ba. A 1943, tana 'yar shekara 10, mahaifinta ya rasu, makaranta ta tsaya ke nan. Bayan shekara uku mahaifiyarta ma ta bi shi. Allah ya jiƙansu.

AURE TANA SHEKARA 13

Marainiya ba uwa ba uba, sai aka yi abin da aka saba yi, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da cikin fari mijin ya sa ƙafa ya fita, bai sake waiwayarta ba. Ta haifi 'yarta mace a 1949, tana shekara 16.

'Yar uwa, ki ɗan tsaya a nan ki dubi 'yarki ko ƙanwarki mai shekara 16. Ki ƙaddara ba ta da iyaye, ba ta da miji, ba ta da takardar makaranta, ga jaririya a hannu. Daga wannan hali Gambo ta fara. Shi ya sa daga baya da ta hau mumbari tana magana a kan aurar da yarinya kafin ta yi ƙwari, da cire ta daga makaranta, da mazan da ke guduwa su bar iyali, ba a littafi ta karanto ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta sake yin aure fiye da sau ɗaya bayan wannan, amma ba wanda ya ɗore. Ba za mu ɓoye wannan ba, domin yana cikin abin da ta rasa saboda hanyar da ta ɗauka. Mace ce mai zafin zuciya, ba ta iya haɗiye magana, ga shi yau tana gida gobe tana gidan yari. Ba kowane namiji ne zai iya zama da irin wannan ba.

SHIGARTA NEPU

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Kukan NEPU shi ne talaka yana shan wuya a hannun En'e: ga haraji da jangali, ga aikin tilas, ga 'yan doka da dogarai, ga kotunan alƙalai da masu mulki ke juyawa yadda suka so. Kalmar da 'yan NEPU suka riƙe ita ce Sawaba, wato samun sauƙi da kuɓuta daga ƙunci, su kuwa 'yan jam'iyyar NPC mai mulki suna cewa Salama. Daga wannan kalma Gambo ta samu sunan da duniya ta san ta da shi.

Tana shekara 17 ta yanki katin jam'iyya a Zariya. A lokacin ko namiji sai ya shirya kafin ya bayyana cewa shi ɗan NEPU ne, domin yana iya rasa aikinsa ko rumfarsa ta kasuwa, ko a ƙulla masa sharri a ɗaure shi. Taro ma a ɓoye ake yi. Ba a jima ba aka ba ta shugabancin mata na reshen Sabon Gari, daga baya ta zama shugabar matan NEPU ta ƙasa baki ɗaya. Abin da ya fito da ita shi ne rashin tsoro. Akwai wani taro da aka yi a Zariya inda manyan maza suka yi shiru saboda tsoron abin da zai biyo baya, ita kuwa ta miƙe ta hau ta faɗi abin da ke bakinta a gaban kowa.

Cikin shekarunta na farko a siyasa ta yi tattaki har Abeokuta don ta ga Misis Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan dubban matan kasuwa suka yi bore a kan harajin da aka ɗora wa mata, har sai da Sarkin garin, Alake, ya sauka daga gadon mulki na wani lokaci a 1949. Gambo ta gano da idonta cewa mata in suka haɗa kai, ko sarki sai ya saurare su. Ta dawo Arewa da wannan darasi.

Aikin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne wanda namiji ba zai iya ba, wato shiga gida. Ɗan siyasa namiji iyakarsa zaure. Gambo kuwa tana yin sallama ta shige har tsakar gida, ta zauna a tabarma da matan kulle, ana tsinkar zogale ko ana surfe, tana yi musu bayanin inda kuɗin harajin mazajensu yake tafiya, da dalilin da ya sa ya kamata 'ya'yansu mata su yi karatu, da yadda mace ke mutuwa wajen haihuwa don babu ma'aikaciya mace da za ta duba ta.

KURKUKU SAU 16

Wannan shiga gida shi ne ya fi tayar wa masu mulki hankali. A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano don ta jawo mata. Labari ya kai fada, aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure. Wannan shi ne ɗaurinta na farko, tana shekara 19. Da ta fito ba ta yi shiru ba, sai ta fallasa irin ƙazanta da wulaƙancin da ta gani a gidan yari. Akwai kuma lokacin da aka kama ta tare da mata kimanin 200 bisa laifin yin taro ba izini. Daga ƙarshe hukumar Kano ta kore ta daga garin, aka rako ta har Zariya.

Daga nan kamu ya zama mata kamar ruwan sha. Masu tarihi sun ƙirga an ɗaure ta sau 16, a Zariya da Kano da Kaduna da Jos. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. An taɓa samun wasu ƙarti shida suka tare ta suka lakaɗa mata duka, suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoranta na gaba. Azabar da ta sha a 1957 ta kai sai da aka yi mata aiki aka cire mata mahaifa don a ceci ranta. Uwargida, ke kin san abin da wannan yake nufi ga mace mai shekara 24 da 'ya ɗaya tak. Har ta kai tana da bargonta na musamman a ajiye, wanda take ɗauka duk lokacin da aka zo tafiya da ita.

Amma akwai wani makami da ya fi bulala ciwo, shi ne baki. A wancan zamani duk macen da aka gani a filin taron siyasa, suna ɗaya ake kiranta da shi, sunan da ake kiran macen da aka gani a ƙofar silima. Ba sai na faɗa miki sunan ba. Da wannan suna aka tsare dubban matan kirki a gida, domin mace tana iya jure yunwa da duka, amma ɓacin suna yana bin ta har kan 'ya'yanta. Ki tuna mai ba da bashin nan na fim ɗin Radha. Shi ya nemi ya saye mutuncinta, waɗannan kuwa suka nemi su ɓata na Gambo, amma manufar ɗaya ce, a nuna wa mace cewa in tana son ta tsira da mutunci to ta rufe bakinta.

MAI AIKI BA LADA

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin wannan baiwar Allah. Duk wannan wahala da take sha, tana yawo gari-gari tana nema wa 'yan takarar NEPU goyon baya, ita kanta ba ta da ikon jefa ƙuri'a. Matan Jihar Gabas sun samu wannan dama a 1954, na Yamma suka fara samu a 1955, a babban zaɓen 1959 matan Kudu duk sun yi zaɓe. Matan Arewa kuwa aka ce ba yanzu ba.

A 1956 Gambo ta jagoranci mata suka yi tattaki zuwa ofishin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suna neman a ba matan Arewa damar zaɓe. Ba a ba su ba. Hujjar gwamnatin NPC ita ce addini da al'adar jama'a ba su yarda ba, kuma lokaci bai yi ba. Amma tun a lokacin akwai masu ilimin addini da suka ga ba haka ba ne. Malam Aminu Kano, wanda ɗan gidan malamai ne kuma mai tafsiri, yana kafa hujja da yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsaya a kan karatun mata, da irin aikin da 'yarsa Nana Asma'u ta yi. A wannan shekara ta 1956 kuma marigayi Malam Isa Wali ya yi jerin rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen, wadda kamfanin Gaskiya ke bugawa a nan Zariya, a kan matsayin mace a Musulunci, abin da ya tayar da ƙura sosai.

Aka samu 'yancin kai a 1960, matan Arewa ba ƙuri'a. Aka yi zaɓen 1964, haka. Soja suka karɓi mulki a Janairun 1966 suka rushe jam'iyyu. Sai a 1976, a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka ba matan Arewa damar zaɓe a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan suka yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Ki lissafa: daga 1950 da Gambo ta yanki kati zuwa 1976 shekara 26 ke nan. Ta shiga tana 'yar shekara 17, ba a yarda ta isa ta zaɓi ko kansila ba sai da ta kai 43.

Abin lura kuma, da aka buɗe ƙofar sai ga shi 'yan siyasar da suka gaji masu cewa lokaci bai yi ba su ne ke aika motoci unguwa-unguwa a kwaso mata ranar zaɓe, domin sun gane yawan matan Arewa riba ne. Manyan malamai ma, irin su marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, suka yi kira ga magidanta su bar matansu su fita su yi rajista su yi zaɓe. Addinin dai shi ne na jiya, bai canja ba. Abin da ya canja shi ne lissafin masu mulki.

Kada kuma ki ɗauka a cikin jam'iyyu komai daidai yake. Ko a inda ake maraba da mata, wurinsu shi ne reshen mata. Su ne tara jama'a, su ne guɗa da waƙa, su ne dafa abincin baƙi, su ne kai wa fursunonin jam'iyya tuwo, amma in an shiga ɗaki za a raba takara da muƙami, maza ne a ciki. Gambo tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan shinge. A Jamhuriya ta Biyu ta shiga jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta kai matsayin mataimakiyar shugaban jam'iyya ta ƙasa. Shi kuma tsohon jagoranta Malam Aminu Kano, a PRP, ya ɗauki mace, Misis Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, sai dai Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun shekarar kafin a yi zaɓen.

GIDANTA DA ƘARSHEN RAYUWARTA

Wanda ya san Gambo a filin taro kawai bai san rabinta ba. Mutanen Sabon Gari sun san ta da buɗaɗɗen gida. Allah bai ba ta haihuwa da yawa ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu masu yawa, marayu da waɗanda aka yar da 'ya'yan marasa ƙarfi, ba ta tambayar ƙabila ko addini. Ta ciyar, ta sa a makaranta, ta aurar. Har ta rasu akwai yara da dama a hannunta. Tukunyarta ba ta sauka don mutanen gida kaɗai, kuma abin da ya shigo hannunta ba ya kwana. Ta yi zamani da mutanen da siyasa ta mayar attajirai, ita kuwa ba ta tara abin duniya ba.

A 1998 ta bayyana cewa ta bar siyasa, saboda a ganinta an bar aƙida an koma neman kuɗi. Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tana da shekara 68. An sa wa babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan sunanta, haka kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Ikon Allah, garin da aka kore ta daga cikinsa, yau 'yan mata masu neman digiri suna kwana a ginin da ke ɗauke da sunanta.

ME ZA MU ƊAUKA?

'Yar uwa, in kin bi hanyar Samaru da safe za ki ga mata cikin hijabi da lulluɓi suna sauri, wannan malamar jami'a ce, wannan nas ce, wannan akawu ce, wannan mai shara ce. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta yaye mata likitoci da lauyoyi da farfesoshi ba adadi. A 2019 Jihar Kaduna ta zaɓi mace, Dakta Hadiza Balarabe, a matsayin mataimakiyar gwamna, aka sake zaɓenta a 2023. Duk wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma kuma a zaɓen 2023 matan da suka shiga Majalisar Dattawa mai kujera 109 ba su kai biyar ba, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Ƙasa ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ƙara wa mata kujeru. Ranar zaɓe mu ne muka fi tsawon layi a rana, ranar rabo kuwa sai a tuna akwai reshen mata.

A wuraren aiki ma tsohon makamin nan yana nan bai yi tsatsa ba. Mace ta yi shekara goma tana riƙe da ofis, in ƙarin girma ya zo a ba wani. In kuma ita aka ba, sai raɗe-raɗi ya tashi a kan yadda ta samu. Wata kuma shugabanta ne zai riƙe mata takarda har sai ta amsa kiran da bai dace ba, ta rasa wa za ta gaya wa don tsoron kada maigida ya ce ta ajiye aikin, ko a ce ita ta jawo.

Ba na ce kowace mace ta zama Gambo ba. Ba kowa ke da irin zuciyarta ba, kuma abin da ta rasa na lafiya da zaman aure ba ƙarami ba ne. Amma akwai abubuwa uku da kowacce cikinmu za ta iya.

Na farko, karatun 'ya mace. Mutuwar uba ce ta fitar da Gambo daga aji tana shekara 10. Ki dubi unguwarku, akwai marainiyar da ke shirin barin makaranta saboda kuɗin littafi ko na jarrabawa. In ke kaɗai ba za ki iya ba, ku haɗu ku biyar.

Na biyu, mu kama bakinmu. Sunan nan da aka jefi Gambo da shi, ba maza kaɗai suka yaɗa shi ba, da bakin mata ya shiga gidaje. Duk ranar da aka kawo miki gulmar wata ma'aikaciya ko 'yar takara a gidan biki ko a waya, ba tare da hujja ba, ki sani ana neman aron bakinki ne a yi aikin da aka yi da fasasshiyar kwalba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kuma 'yarki ko ƙanwarki ta kawo miki kukan abin da ake yi mata a wurin aiki ko a makaranta, ki saurare ta tukuna kafin ki ce ta yi haƙuri, sannan ku san inda za ku kai ƙara tare da maigida.

Na uku, katin zaɓen nan da ke cikin jakarki ko ƙarƙashin katifa. Yanzu kin ji abin da wata ta biya kafin ya zo hannunki: haƙoranta, da mahaifarta, da ɗauri 16. In lokacin zaɓe ya zo aka kawo miki sabulu ko taliya ko turmin atamfa, ki tuna da wannan kafin ki miƙa hannu.

Allah ya jiƙan Hajiya Gambo Sawaba, ya yafe mata kurakuranta, ya sa marayun da ta riƙa su zama hujja gare ta ranar gobe. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.